Bushewar ido bayan aikin gyaran gani da leza: tambayoyi da amsoshi

Mutum zai je Alƙahira ko Indiya ko Dubai, ko nan gida Legas da Abuja, a yi masa aikin leza ya ajiye tabarau, ya dawo yana ta murna. Bayan 'yan kwanaki sai ya fara jin ido kamar an watsa masa yashi, gani ya washe da safe ya dusashe da yamma, hankali ya tashi ko aikin ne ya ɓaci. Yawanci aikin lafiya lau yake, ido ne ya bushe. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin waɗanda aka yi wa aikin da masu shirin yi. Duk inda bayanin nan ya saɓa da abin da likitan da ya duba idonka ya faɗa, maganarsa ce gaba.

Me ya haɗa aikin leza da bushewar ido?

A gaban ido, daidai kan baƙin nan, akwai wani marufi garai-garai kamar gilashin agogo, likitoci suna kiransa koniya. Kaurinsa rabin milimita ne da ɗan ɗoriya, amma babu inda jijiyoyin ji suka yi cunkoso a jikin ɗan Adam kamar nan, shi ya sa ƙwayar ƙura ɗaya ke hana mutum sakat. Jijiyoyin nan su ne 'yan rahoton ido. Da zarar saman ido ya fara bushewa sai su kai labari ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ba da umarni a ƙifta, a kuma sako hawaye.

A aikin LASIK, ɗaya daga cikin ire-iren aikin leza, likita yakan yanka siririn murfi a jikin koniya, ya ɗaga shi, leza ta sassaƙe abin da ke ƙasa gwargwadon matsalar ganin, sannan a mayar da murfin. Wannan yankan yana ratsa jijiyoyin ne ya tsittsinke su. Daga nan ido zai bushe amma babu mai kai rahoto: ƙiftawa ta ragu, hawaye ya ragu. Ga kuma surar koniyar ta sauya, hawayen ba ya shimfiɗuwa a kanta yadda ya saba, ga magungunan da ake ɗigawa a makonnin farko su ma da nasu tasirin. Wanda ya gane cewa asalin matsalar raunin jijiya ne, sauran amsoshin da ke ƙasa za su zo masa da sauƙi.

Kowa ne yake fama da shi, ko ni ce ban yi dace ba?

Ita ce matsalar da ta fi kowace yawa bayan wannan aiki. A makonnin farko da wuya a sami wanda bai ji komai ba. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi wani bincike mai suna PROWL a kan sojojin ruwa da fararen hula, aka buga sakamakonsa a 2017. A cikin waɗanda ba su da alamar bushewar ido kafin aiki, har kashi 28 cikin 100 sun ce suna jin ta bayan wata 3. A lura kuma, a Amurka aka yi binciken, ba a Kano ko Damagaram cikin watan Janairu ba.

Yaya ake gane bushewa ce?

Jin yashi ko tsakuwa a ido, raɗaɗi kamar an shiga hayaƙin ɗanyen itace, nauyin fatar ido, ja, ƙin haske, da gajiyar ido bayan ɗan karatu kaɗan. Wasu da asuba fatar idon kan manne, sai sun buɗe ta a hankali.

Alamar da ta fi tsorata mutane ita ce gani dishi-dishi mai zuwa yana tafiya. Ga gwaji mai sauƙi: ka ƙifta sau uku ko huɗu, ko ka ɗiga hawayen kwalba, wato maganin ɗigawa mai jiƙa ido da ake saya a kantin magani. In gani ya washe nan take, ko da na ɗan lokaci ne, to bushewa ce. Shimfiɗar hawaye ita ce abu na farko da haske ke ratsawa kafin ya shiga ido, in ta yi ɓaraka sai hoton ya gurɓace. In kuwa ka ƙifta ka ɗiga amma dishin bai motsa ba, kuma kullum ƙaruwa yake, duba tambayar alamun haɗari can ƙasa.

Idona zubar da ruwa yake yi, ta yaya za a ce ya bushe?

Hawaye ba ruwa zalla ba ne, hawa uku gare shi. Na ƙasa wani yauƙi ne da ke riƙe shi a jikin ido, na tsakiya ruwa ne, na sama kuma maiƙo ne da ke fitowa daga wasu ƙananan jakunkuna jere a bakin fatar ido, bayan gashin ido, kimanin 20 zuwa 40 a kowace fata. Maiƙon ne ke hana ruwan bin iska, kamar yadda miyar da mai ya rufe samanta take daɗewa ba ta ƙafe ba. Idan ido ya bushe har ya fusata, sai ya ɓaro ruwa mai yawa lokaci guda irin na yankan albasa. Wannan ruwan ba shi da isasshen maiƙo, gangarowa kumatu yake yi, bayan minti kaɗan ido ya koma yadda yake. Saboda haka mai zubar hawaye ma ana ba shi hawayen kwalba, kuma sau da yawa zubar takan ragu.

Yaushe zai wuce?

Yakan fi tsanani daga makon farko zuwa wata na 3. Yawancin mutane sukan ji sauƙi sosai tsakanin wata 6 da shekara guda, lokacin da jin koniya ke dawowa. Jijiyoyin kansu sun fi haka jinkiri. Masu bincike a asibitin Mayo na Amurka sun bi marasa lafiya shekara da shekaru suna ƙirga jijiyoyin da na'ura, suka ga sai kusan shekara 5 bayan LASIK yawansu ya komo kamar da, bayan PRK kuwa, wato wani irin aikin leza da ba a yanka murfi, kusan shekara 2.

Akwai kuma 'yan kaɗan da bushewar ke zame musu abokiyar zama, musamman waɗanda tun kafin aiki suna da ita. Duk wanda ya yi maka alkawarin cewa tabbas za ta wuce cikin wata kaza, ya faɗi abin da ba a hannunsa yake ba.

Akwai bambanci tsakanin LASIK da PRK da SMILE a wannan fanni?

Akwai. LASIK ne ya fi tsinka jijiyoyi, domin yankan murfin yana zagaya kusan milimita 20. A PRK ba a yin murfi, fatar saman koniya ake kankarewa a yi aikin a kai. Kwanakin farko sun fi zafi kuma gani ya fi jinkirin washewa, amma jijiyoyin da ke can ciki sukan tsira. SMILE, wanda Amurka ta amince da shi a 2016, ta wata 'yar ƙofa mai milimita 2 zuwa 4 ake zaro abin da leza ta yanka, don haka bushewarsa a watannin farko takan fi ta LASIK sauƙi. Sauƙi aka ce, ba a ce babu ba. Kuma ba kowane ido ne ya dace da kowane aiki ba, kaurin koniya da irin matsalar gani su ke yanke hukunci.

Ban yi aikin ba tukuna. Me zan yi tun yanzu?

Ka nemi a auna maka hawaye kafin a sa ranar aiki, kuma in an sami bushewa a yi maganinta tukuna. Busasshen ido har awon da za a saita leza da shi yana iya gurɓatawa.

Ka faɗa wa likita gaskiya in kana cikin waɗannan: mai ciwon suga, mai ciwon maƙoƙo, mai ciwon gaɓoɓi irin na garkuwar jiki, mai cutar Sjögren wadda ke busar da ido da baki tare, macen da haila ta ɗauke mata, da wanda ya daɗe yana sa gilashin mannawa a ido har ya fara damunsa. Da yawa daga masu neman aikin leza, abin da ya kore su daga gilashin mannawa ita ce bushewar ido ba su sani ba. Haka nan magunguna: na mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, amitriptyline da danginsa, da isotretinoin na ƙurajen fuska, wanda yake ƙanƙance jakunkunan maiƙon nan. Mai juna biyu da mai shayarwa sukan jira. Wanda lambar tabaransa ta yi nisa, sassaƙar da za a yi masa ta fi zurfi, bushewar ma takan fi.

In da hali, a zaɓi lokaci. Wanda zai dawo Sakkwato ko Maraɗi da sabon aiki, gara ya dawo cikin damina da ya faɗo tsakiyar hunturu.

Wane irin hawayen kwalba ya kamata in saya?

Ka juya kwalin ka karanta abin da ke ciki, kada sunan kamfani ya ɗauke maka hankali. Sinadaran da aka fi amfani da su su ne sodium hyaluronate, carboxymethylcellulose, hypromellose, da polyethylene glycol. Dukansu suna aiki, wani ido ya fi son wannan, wani wancan. In matsalar ta ƙarancin maiƙo ce, akwai masu ɗan mai a ciki, sukan yi fari-fari kamar madara.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne sinadarin hana lalacewa da ake zubawa a kwalabe masu yawa, musamman benzalkonium chloride. Yana kashe ƙwayoyin cuta a cikin kwalba, amma yana kuma cin fatar saman ido in an yawaita. Wanda zai ɗiga fiye da sau 4 a yini, kuma duk sabon mai aiki haka yake, ya nemi marar wannan sinadari. Yawanci yakan zo a 'yan ƙananan robobi na ɗigawa sau ɗaya a yar, ko kwalba mai baki na musamman. Ya fi tsada, kuma ba kowane kantin magani ke da shi ba, don haka mai zuwa aiki waje ya sayo na wata biyu ko uku ya taho da shi.

Da dare akwai mai kauri kamar kamu, akwai kuma man shafawa na cikin ido. Sun fi daɗewa amma suna dusashe gani, sai za a kwanta. A tambayi likita ranar da za a fara su. Kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A 2023 an janye wani hawayen kwalba daga kasuwar Amurka bayan an gano ƙwayar cuta a cikinsa, wasu sun rasa ganinsu, wasu ma sun rasu.

Sau nawa zan ɗiga? Ni fa ba na jin komai.

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Tunda jijiyoyin da ke kai rahoto a tsinke suke, rashin jin komai ba shaida ba ce cewa ido a jiƙe yake. Likita zai iya ɗiga rini ya ga koniya ta yi ɗigo-ɗigon rauni, mai idon kuwa yana cewa lafiyarsa ƙalau. A watannin farko da agogo ake ɗigawa, ba a jiran sai an ji. Likitoci da yawa sukan ce duk awa ɗaya ko biyu a makon farko, sannan a riƙa ragewa zuwa sau 4 ko 6 a yini har wata 3 ko fiye. Wanda mantuwa ke damunsa ya ɗaura abin da salloli biyar, ya ƙara ɗaya da hantsi ɗaya lokacin kwanciya. Marar sinadarin hana lalacewa ba ya yin yawa, kuma ba ya sa ido ya daina yin nasa hawayen kamar yadda ake yaɗawa.

Yaya ake ɗigawa daidai?

A wanke hannu da sabulu, a ɗaga kai, a ja fatar ƙasa da yatsa a hankali, a saki ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalba ya taɓa ido ko gashin ido ba. Ɗigo ɗaya ya isa, na biyu kumatu yake tafiya. A lumshe ido kamar minti ɗaya, kada a matse. In magungunan sun fi ɗaya, a bar minti 5 tsakaninsu, mai kauri da man shafawa su zo ƙarshe. Kwalbar da aka buɗe a yar da ita bayan wata guda sai in kwalinta ya faɗi wani abu daban, kuma kada a bar ta cikin mota a rana. Mutsuttsuka ido kuwa haramun ne a wajen mai sabon murfi, komai ƙaiƙayi.

Idona ya yi ja, mai kemis ya ba ni wani magani da ya faranta shi nan take. In ci gaba?

A'a. Ko dai mai matse jijiyoyin jini ne, irin masu naphazoline ko tetrahydrozoline, ko kuma mai sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi. Na farkon ɓoye jan yake yi kawai, in ya sake ka jan ya dawo fiye da da, ka koma ka ƙara, haka za ka yi ta zagaye. Na biyun, wato masu dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone, ya fi haɗari domin yana da daɗin aiki. Likita da kansa yakan ba da sitiroyid bayan aiki, amma na ƙayyadaddun kwanaki, yana auna ƙarfin ido. Wanda ya mayar da shi na kullum yana iya jawo wa kansa hawan jinin ido, wanda ke cinye gani ba zafi ba sanarwa kuma abin da ya ci ba ya dawowa, ko yanar ido, ko ya buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin wanda ake saya lokacin afolo shi ma ba ya maganin bushewa.

Yaushe zan koma sa kwalli? Maganin gargajiya fa?

Kwalliyar ido gaba ɗaya akan dakatar da ita aƙalla mako ɗaya zuwa biyu, wasu likitoci su ce wata guda. Amma kwalli yana da nasa zance daban. Inda ake zizara shi, wato cikin bakin fatar ido, nan ne daidai ƙofofin jakunkunan maiƙo suke, garinsa yana toshe su yana kuma yawo cikin hawaye. Ga shi kwallin dutse da yawa akwai dalma a cikinsa. In son samu ne, ki haƙura da shi har bushewar ta lafa, in kin koma kuma ki tsaya a wajen gashin ido, ki goge kafin barci, kada ki yi tarayyar maciyi da kowa. Gashin ido na ƙari da gam ɗinsa su ma su jira.

Nonon mai shayarwa, ruwan suga, ruwan albasa, zuma, tsimin ganye: babu ɗayansu da zai shiga idon da aka yanka. 'Yan uwa za su kawo da kyakkyawar niyya, a yi godiya a ajiye.

Hunturu ya shigo, abin ya dawo sabo. Me zan yi?

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele a Chadi, laimar iska kuma a garuruwa irin su Kano takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Iskar da ke fasa leɓe da dunduniya ita ce ke shanye hawaye. Har wanda ya shekara da aiki yana iya jin abin ya motsa, kuma wannan ba ya nufin aikin ya lalace.

A ƙara yawan ɗigawa tun kafin ido ya fara kuka. A sa tabarau mai rufe gefe duk lokacin fita, ballantana mai hawa babur ko adaidaita sahu. Abin dariya ne mutum ya biya kuɗi don ya rabu da tabarau a ce ya sayi wani, amma wannan na kariya ne. A mota a rufe gilashi, a karkatar da iskar na'urar sanyaya wuri zuwa ƙafa. Kada a kwanta fanka na bugun fuska. Wanda ke da na'urar ƙara laima a ɗaki ya kunna, wanda ba shi da ita ya shanya jiƙaƙƙen tawul kusa da gado. Hayaƙin murhu, gawayi, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, taba da shisha duk a nisance su. Jirgin sama ma hunturu ne a rufe, mai tafiya Umara ko Hajji ya riƙe hawayensa a aljihu, kada ya sa a jakar da za a auna.

Waya da kwamfuta suna ƙara shi?

Sosai. Mutum yakan ƙifta sau 15 zuwa 20 a minti, in ya ƙura wa allo ido sai abin ya faɗi zuwa rabi ko ƙasa, ƙiftawar ma rabi-rabi, fatar sama ba ta haɗuwa da ta ƙasa. Ƙiftawa cikakkiya ce ke matso maiƙo daga jakunkuna. Duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, a lumshe ido cikakke sau da yawa. A sauke allon kwamfuta ƙasa da saitin ido, domin mai kallon ƙasa idonsa ba ya buɗewa da faɗi. Dogon tuƙi da karatun dare su ma haka suke.

Alwala da wanka fa?

A mako na farko zuwa na biyu likitoci ba sa son ruwan famfo ko na rijiya ya shiga cikin ido, saboda ƙwayoyin cutar da ke iya shiga ƙarƙashin murfin. Wanke fuska a alwala bai wajabta shigar da ruwa cikin ido ba, don haka a lumshe, a bi wajen a hankali ba tare da dannawa ba. In likita ya hana ruwa taɓa wurin kwata-kwata, a tambayi malami game da sauƙin da shari'a ta yi wa mai rauni. Wajen wanka a kiyaye sabulu, iyo a kogi ko kududdufi ko wurin wanka na otal kuwa sai bayan makonni, da izinin likita. Kuma yayyafa ruwa a ido don a ji sanyi ba ya maganin bushewa, wanke maiƙon yake yi.

Ɗiga magani a ido yana karya azumi?

Malamai sun saɓa. A kusurwar ido ta wajen hanci akwai 'yar ƙofar da hawaye ke bi ya sauka hanci ya wuce maƙogwaro, shi ya sa wani lokaci ake jin ɗacin magani a baki. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, abu mai ruwa in ya isa maƙogwaro ko ta ido ne yana sa ramuwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi kuwa, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce maganin ɗigawa a ido ba ya karya azumi matuƙar an guji haɗiye abin da ya kai maƙogwaro. Hukuncin na malaminka ne.

Ta fuskar likitanci akwai dabarar da ke rage matsalar: bayan ɗigawa a lumshe, a ɗora yatsa a kusurwar ido ta wajen hanci, a kan ƙashi ba a kan ƙwayar ido ba, na minti ɗaya zuwa biyu. Wannan yana toshe hanyar. Abin da bai kamata ba shi ne mai aikin mako biyu ya bar ido tun asuba har magariba ba ɗigo. In da zaɓi, kada a sa ranar aiki dab da Ramadan. A kuma sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur.

An ce in riƙa gasa ido da ruwan ɗumi. Da gaske ne?

Da gaske ne in jakunkunan maiƙo sun toshe, domin ɗumi yana narkar da maiƙon da ya daskare, kamar man shanu a hunturu. Tsabtataccen ƙyalle, ruwa mai ɗumin da bayan hannu zai jure, a ɗora a kan rufaffen ido minti 5 zuwa 10, ana sake jiƙawa in ya huce, sannan a goge bakin fatar a hankali. Sai dai ba a farawa a makonnin farko, kuma ba a danna ido. Likita ne zai faɗi ranar farawa.

Ƙwayoyin man kifi suna taimakawa?

An daɗe ana ba da su, har aka yi wani babban gwaji a Amurka mai suna DREAM, aka buga a 2018. Mutum fiye da 500 masu bushewar ido aka raba biyu, wasu na shan man kifi wasu man zaitun, bayan shekara ba a ga wani bambancin kirki ba. Wanda kuɗinsa bai kai duka biyu ba, ya sa su a hawayen kwalba mai kyau. Cin kifi, zogale, karas, manja da hanta yana da amfani ga ido ta wata fuskar, domin ƙarancin bitamin A shi kansa yana busar da ido.

Wata uku ya wuce ina ɗigawa ba sauƙi. Me ya rage?

Da sauran hanyoyi da yawa, amma sai an fara gano irin bushewar. Likita zai ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa ya haska shuɗin haske, ya ga raunukan koniya, ya kuma ƙirga daƙiƙa nawa hawaye ke yi kafin ya tsage. Ƙasa da 10 alamar matsala ce. Akwai gwajin Schirmer, inda ake maƙala 'yar takarda a fatar ƙasa minti 5 a auna inda ta jiƙe, ƙasa da milimita 5 ƙarancin ruwa ne mai tsanani. Zai kuma matsa bakin fatar ya ga ko maiƙo na fitowa garai ko kamar man goge baki.

In kumburi ne ke ruruta abin, akwai cyclosporine da lifitegrast na ɗigawa. Sukan yi ɗan zafi, kuma cyclosporine yakan ɗauki wata 1 zuwa 3 ko fiye kafin a ga amfaninsa, mutane da yawa sukan yar da shi tun bai fara aiki ba. In ruwa ne ya yi kaɗan, ana toshe ƙofar magudanar nan da aka ambata a tambayar azumi da wani ɗan toshi da bai kai ƙwayar shinkafa ba, akwai mai narkewa da kansa akwai mai zama, cikin minti kaɗan ake sawa a ɗakin duba marasa lafiya. In maiƙo ne, gashi da tsabtace fata, wani lokaci da ƙwayar doxycycline, wadda ba a ba mai ciki. Ga mai tsanani akwai hawayen da ake tacewa daga jinin mutum kansa a ajiye a firji, domin yana ɗauke da sinadaran da ke taimaka wa jijiya tsirowa, da kuma wani faffaɗan gilashin mannawa mai riƙe ruwa a kan koniya yini guda. Waɗannan biyun sai manyan asibitocin ido.

Likita ya ce idona lafiya lau, ni kuwa zafi kamar wuta. Ƙarya nake?

Ba ƙarya kake ba. Wani lokaci jijiyoyin da aka yanka sukan tsiro a karkace, su riƙa aika saƙon zafi ba dalili. Mai wannan ko iska ta ɗan taɓa shi ko haske ya faɗo masa sai ya ji kamar an zuba barkono, hawayen kwalba kuma ba ya yi masa komai. Ba shi da yawa, amma sananne ne a likitancin ido. Akan gwada ɗiga maganin kashe zafi a asibiti don a gane ko daga saman ido zafin yake ko ya wuce can ciki, maganinsa kuma ya haɗa da hawayen jini da aka ambata a sama da magungunan ciwon jijiya irin su gabapentin. A nemi likitan da ya ƙware a koniya. In ciwon ya kai ga hana barci ko sa mutum ƙuncin rai da munanan tunani, wannan ma a faɗa wa likita da iyali, kada a ɓoye.

Waɗanne alamu ne ba na bushewa ba, da za a tafi asibiti a ranar?

Zafi mai tsanani da ke ƙaruwa, gani da ke raguwa ba ya washewa da ƙiftawa, kwantsa mai kauri ko ruwan mugunya, farin ɗigo a kan baƙin ido, kumburin fata, ko ƙin haske da ya zo farat ɗaya. Haka in wani abu ya bugi ido, ko yaro ya tsokane shi, gani ya sauya, domin murfin na iya gocewa ko da an daɗe da aiki. Akwai kuma wani kumburi da kan taso ƙarƙashin murfin a kwanakin farko, wanda likitocin Turai da Amurka suka laƙaba wa suna yashin Sahara saboda kamanninsa a na'ura. Yana jin magani in an kama shi da wuri, shi ya sa zuwa dubawar washegarin aiki da ta makon farko ba abin wasa ba ne.

A waje aka yi mini aikin. Wa zai ci gaba da duba ni a gida?

Ba sai wanda ya yi aikin ba, kuma ba sai asibitin da ke da na'urar leza ba. Duk likitan ido mai na'urar haska ido zai iya auna hawaye da ƙarfin ido. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa. A bambance likitan ido da mai yanka tabarau a kasuwa.

Kafin ka baro inda aka yi aikin, ka karɓi rahoto a rubuce: wane irin aiki aka yi, lambar idonka kafin aiki, kaurin koniya kafin da bayan, da sunayen magungunan da ranar daina kowanne. Ka ɗauki hotonsa a waya, ka adana takardar. Za ta yi amfani ko bayan shekara 30, domin koniyar da aka sassaƙe takan sa na'urar auna ƙarfin ido ta nuna ƙasa da gaskiya, kuma ranar da za a cire maka yanar ido, likita zai buƙaci tsofaffin lambobin wajen lissafin gilashin da zai dasa.